Littattafan da Injiniya Ba Ya Rabuwa da Su: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da sababbin injiniyoyi suka sha yi mini, wasu a bakin aji, wasu a filin gini, wasu kuma ta waya ana gobe jarrabawa. Na tattara su wuri guda don kada kuɗin da iyaye suka tara da guminsu ya tafi kan littafin da ba za a buɗe ba.

Wane irin littafi ake nufi in an ce littafin dubawa? Ba duk littafi ba ne?

Iri uku ne, kuma wanda bai raba su ba zai yi ta sayen abin da ba shi yake buƙata ba. Na farko littafin koyo, wanda ke kama hannunka daga tushe, ya yi bayani, ya kawo misali, ya ba ka aikin gwaji. Na biyu kundin dubawa, mai cike da jadawali da ƙa'idojin lissafi. Shi ba a karanta shi daga bango zuwa bango, buɗewa ake a ɗauki abin da ake so a rufe, kuma yana ɗauka cewa ka riga ka san dalilin abin. Na uku ƙa'idar aiki, wato takardar da wata hukuma ta fitar ta ce ga yadda za a yi gini ko wayarin, kamar BS 8110 ta ginin kankare ko BS 7671 ta wayarin, duka na Ingila. Ita ce ake kafa hujja da ita ranar da aiki ya lalace aka zo bincike.

Ɗalibi na farkon ya fi buƙata. Wanda ya fara aiki, na biyu da na uku ne abokan zamansa.

Na shiga shekarar farko, kuɗina na littafi ɗaya ne. Wanne zan saya?

Lissafi, kuma Stroud. Littafinsa Engineering Mathematics ya fara fitowa a 1970, har yau ban ga wanda ya fi shi haƙuri da mai koyo ba. An tsara shi ƙananan matakai: a yi maka bayani kaɗan, a tambaye ka, amsar na mataki na gaba. Ka rufe ta da takarda, ka gwada da fensir, sannan ka buɗe. Wanda ya yi masa karatun jarida, yana kallon amsoshi yana gyaɗa kai, bai samu komai ba. Na ga ɗaliban da suka zo daga makarantun da ba su taɓa samun tsayayyen malamin lissafi ba, suka zauna da wannan littafi hutu guda, suka dawo suna koya wa 'yan ajinsu.

Daga shekara ta uku, in an shiga lissafi mai zurfi, akwai na gaba da shi mai suna Advanced Engineering Mathematics, akwai kuma na Kreyszig mai wannan suna, wanda ya fito tun 1962. Kreyszig ya fi faɗi da zurfi amma ba ya lallashi. Ga 'yan kwalejin kimiyya da fasaha masu difloma, littattafan John Bird sun fi dacewa da manhajarsu. In an samu rarar kuɗi, a ƙara da littafin zanen injiniya na Pickup da Parker, don zane shi ne harshen da injiniya ke magana da birkila da mai walda.

Malaminmu yana ba da handawut, kuma daga ciki yake fitar da jarrabawa. Me zai sa in wahala?

Handawut taƙaitawa ce ta abin da malami ya karanta a littafi, zai iya tsallakar da kai jarrabawa. Amma ranar da ka je aikin koyon sana'a na wata shida a shekara ta huɗu, aka miƙo maka zanen da bai yi kama da misalin aji ba, shafi ashirin ɗin nan ba su da abin ce maka. Ka tambayi malamin daga wane littafi ya ciro darasin. Yawancinsu suna jin daɗin wannan tambaya, wani ma ya ara maka nasa.

Ana raina littattafan Indiya irin su Theraja da Khurmi. Da gaske ba su da kyau?

Ba na cikin masu raina su. A Textbook of Electrical Technology na Theraja, wanda kamfanin S. Chand ke bugawa cikin juzu'i huɗu, ya raini injiniyoyin lantarki da ba su ƙirguwa daga Zariya zuwa Bauci da Minna. Haka na Khurmi a fannin injuna da na Rajput a fannin ruwa. Turancinsu mai sauƙi ne, farashinsu daidai aljihun talaka, ga misalai da aka warware jingim.

Rauninsu shi ne suna saurin kai ka ga lissafi kafin ka gane me ke faruwa a cikin ƙarfen ko wayar, kuma akan ci karo da kuskuren ɗab'i a amsoshi. Shawarata, ka fahimci darasi a wani littafin, ka zo nan ka yi atisaye. In amsarka ta saɓa da tasu sau biyu, kada ka yanke cewa kai ne ka yi kuskure, ka kai wa malami.

Ni lantarki nake karantawa. Bayan Theraja fa?

Hughes, wato Electrical and Electronic Technology, shi ne zai fahimtar da kai taransifoma da motar lantarki da janareta yadda za su zauna a kai. A ɓangaren ƙananan na'urori jami'o'i da yawa suna bin Microelectronic Circuits na Sedra da Smith. Amma wanda nake so kowane mai son haɗa abu da hannunsa ya riƙe shi ne The Art of Electronics na Horowitz da Hill, bugu na farko 1980, na uku 2015. Yana gaya maka abin da ke ƙonewa da dalilin ƙonewarsa, irin maganar da sai a bakin tsohon mai gyara ake jin ta.

Wanda zai yi wayarin gidaje da masana'antu dole ya san BS 7671, ƙa'idar wayarin ta Ingila, wadda bugunta na 18 ya fito a 2018, da kuma dokokin samar da lantarki da haɗa shi da NERC, hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, ta fitar a 2015. Kafin ka ɗauki kowane adadi daga jadawalinta, karanta amsar da na bayar kan zafin ƙasarmu a ƙasa.

Mu 'yan fannin gine-gine da hanyoyi fa?

Ku ne kuka fi kowa tarin littattafai, don aikinku ya taɓa ƙasa da ruwa da kankare da ƙarfe. A matakin tushe, littattafan Hibbeler kan nauyi da ƙarfin kayan gini. A kankare mai rodi, Mosley da Bungey don koyo, sai kundin Reynolds, wanda ya fara fitowa a 1932, don jadawali in an zauna zane. Akwai kuma Simplified Reinforced Concrete Design na Injiniya Victor Oyenuga, ɗan Najeriya, wanda ya rubuta shi da irin gidajen da muke ginawa a ransa. Da wuya ka shiga ofishin zanen gini ba ka gan shi a kan tebur ba, bangonsa ya sha hannu.

Don sanin halin kankaren kansa, Properties of Concrete na Neville. Don ƙasa, Craig. Masu hanya su nemi kundin zanen hanyoyi na Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da ƙa'idojinta na hanyoyi da gadoji, don da su ake auna aikin ɗan kwangila. Sai ka lura, Mosley iri biyu ne a kasuwa, tsohon yana bin BS 8110, na baya-bayan nan Eurocode 2, ƙa'idar kankare ta Turai. Duba tambayar da ke kan waɗannan biyun kafin ka biya kuɗi.

Injiniyan injuna, na sinadarai da na noma, me za su riƙe?

Na injuna: Shigley don zanen sassan inji, Eastop da McConkey don ilimin zafi, da ɗan siririn jadawalin tururi na Rogers da Mayhew, wanda shi kam naka na kanka ya kamata ka mallaka, don da shi ake shiga jarrabawa. In ka fara aiki a masana'anta, Machinery's Handbook, da ake bugawa tun 1914, zai gaya maka girman kowane noti da zaren kusa da haƙorin giya. Roark kuma, tun 1938, shi ake buɗewa in ana neman yadda ƙarfe mai wata siffa zai lanƙwashe a ƙarƙashin nauyi.

Na sinadarai: Coulson da Richardson, musamman juzu'i na 6 da Sinnott ya rubuta, wanda kusan kowane aikin kammala digiri ke jingina da shi. Kundin Perry, da ya fara a 1934, na ɗakin karatu ne, ba sai ɗalibi ya saya ba. Na noma da ban-ruwa su sauke takarda ta 56 ta FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1998, kan yawan ruwan da shuka ke sha. Kyauta ce, kuma da ita ake lissafin ruwan rani a ko'ina.

Na samu tsohon bugu a gwanjo da araha. In saya?

Ya danganta da wanne cikin ukun nan na amsar farko. Littafin lissafi, na nauyi, na zafi, saya ba fargaba. Dokokin Newton ba su canza ba, kuma tsohon Stroud da yayanka ya bari a kwali zai yi maka aikin da sabo zai yi. Abin da kawai za ka kiyaye shi ne lambar tambayoyi, in malami ya ba da aikin gida daga sabon bugu.

Littafin da ya dogara da ƙa'idar aiki kuwa, nan araha ba ta ado. BS 8110 ta 1985 ta ce a ninka ƙarfin rodi da 0.87, bugun 1997 ya mai da shi 0.95, gyaran 2005 ya sake dawo da 0.87 tare da ɗaga ƙarfin rodin daga 460 zuwa 500. Littattafai uku a kan shiryayye ɗaya za su iya ba ka amsa uku, kowanne daidai ne a zamaninsa. A wayarin abin ya fi haɗari. A tsohon tsarin Ingila, wanda har yau ya cika gidajenmu, ja da rawaya da shuɗi su ne masu wuta, baƙi ne marar wuta. A sabon tsarin da suka koma tsakanin 2004 da 2006, ruwan ƙasa da baƙi da toka-toka ne masu wuta, shuɗi ya zama marar wuta. Baƙi da shuɗi sun yi musayar aiki ke nan. Wanda ya haddace littafi ɗaya ya kama waya da wannan yaƙini, ransa ya sa a gaba.

BS 8110 zan koya ko Eurocode?

Duka biyu, amma ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ka taɓa gauraya su a lissafi guda. Ingila ta janye BS 8110 a 2010 ta koma Eurocode, mu kuwa ofisoshi da yawa suna nan a kanta, wasu jami'o'i da manyan kamfanoni sun koma sabuwar. Ka fara da wadda sashenku ke koyarwa har ta zauna, sannan ka koyi ɗayar.

Ga dalilin gargaɗin. BS 8110 tana ninka nauyin ginin kansa da 1.4, na mutane da kaya da 1.6. Eurocode tana amfani da 1.35 da 1.5. Sannan ta farkon tana auna ƙarfin kankare da ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, irin wanda ake zubawa a filin gini a kai ɗakin gwaji bayan kwana 28, ta biyun kuwa da mai siffar gwangwani take lissafi. Shi ya sa ake rubuta C25/30: kankare ɗaya ne, 25 a gwangwani, 30 a dunƙule. Wani matashi da muka yi aiki tare, yaro mai ƙwazo, ya taɓa kawo mini lissafin dekin bene. Ya ɗauki 30 daga takardar gwaji ya zuba ta cikin ƙa'idar Eurocode inda 25 ya kamata ta shiga, ya ba kankaren ƙarfin kashi 20 cikin 100 da ba shi da shi. Na tambaye shi daga ina ya samo ƙa'idar, ya nuna mini littattafai biyu a buɗe, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Allah Ya taimaka ba a ɗaure rodi ba tukuna. Muka zauna har bayan la'asar muka sake shi daga farko.

Littattafan Amurka sun fi kyawun bayani, amma ma'auninsu na ruɗa ni.

Nemi bugun da aka rubuta SI a bangonsa, wato mai ma'aunin mita da kilo, Hibbeler da Shigley duk suna da shi. Duk da haka ka iya juyawa, don famfo da injin da za ka haɗu da su ba daga ƙasa ɗaya suke zuwa ba. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Galan na Amurka lita 3.785, na Ingila 4.546, kuma wannan bambanci ya isa ya sa a saya wa rijiyar burtsatse famfon da bai kai ba. Wutarsu tana juyi 60 a daƙiƙa, tamu 50, don haka motar lantarkin da littafinsu ya lissafa da juyi 1800 a minti, a wutarmu 1500 ne ma'auninta.

Ba ɗalibai kaɗai abin ke kayarwa ba. A 1999 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani ɓangare ya yi lissafi da ma'aunin Amurka, ɗayan ya karanta da na mita. Ka saba rubuta ma'auni kusa da kowane adadi, ko a takardar shara kake gwaji.

Alƙaluman littattafan nan suna aiki a ƙasarmu kuwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, kuma ita aka fi barin ta. Ƙa'idojin kimiyya ɗaya ne a ko'ina, amma kowane jadawali yana da sharuɗɗan da aka gina shi a kai, galibi an rubuta su da ƙananan haruffa a ƙasan shafi. Jadawalin waya na BS 7671 ya ɗauka zafin iska digiri 30 ne. A wannan zafi, waya mai faɗin baki milimita murabba'i 2.5 mai rigar roba ta PVC a cikin bututu a jikin bango tana ɗaukar amfiya 24. In zafi ya kai 40 sai a ninka da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71, wato ta sauko wajen amfiya 17. To ka tuna cikin silin ɗin gidan kwano a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu da azahar, ga na'urar sanyaya ɗaki tana ja. Jadawalin ragewar yana nan cikin littafin, shafuka kaɗan ne tsakani, amma sau nawa ake buɗe shi? Haka farantin sola: ƙarfin da aka rubuta a bayansa a digiri 25 aka auna, yana raguwa in ya ɗau zafi, kafin ma a zo ga ƙurar hunturu.

Ƙasa ma haka. Littattafan Turai sun yi dogon bayani kan lakar ƙasashen sanyi, kaɗan suka ce kan marmara, wadda da ita muke cike yawancin hanyoyinmu. Don ita a nemi Laterite Soil Engineering na Gidigasu, ɗan Ghana, na 1976, da Tropical Soils of Nigeria in Engineering Practice da S. A. Ola ya tattara a 1983. Baƙar lakar nan ta arewa maso gabas, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani har ƙafa ta shige, ta karya gine-gine da kwalta da yawa waɗanda lissafinsu a takarda ba shi da aibu. A irin wannan wuri babu littafin da zai maye gurbin haƙa rami a ɗebi ƙasa a kai gwaji.

Ba ni da halin saye. Yaya zan yi?

Fara da ɗakin karatu. Na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsa suna da ɓangaren littattafan da ba a fita da su, nan manyan kundaye suke, sau da yawa ba mai taɓa su. Ka tambayi ma'aikatan ko makarantarku tana da rajistar Research4Life, taskar littattafai da mujallun bincike, ko wata taskar intanet, don lambar shiga takan zauna a hannunsu ba wanda ya nema. MIT OpenCourseWare da laccocin NPTEL na Indiya da littattafan OpenStax duk kyauta ne ta halal. Sannan ku haɗa kai ku huɗu ko biyar, kowa ya sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa, ku kuma tari 'yan ajin ƙarshe kafin su tattara kaya.

Game da fotokofi da bugun jabu, ban da haƙƙin marubuci da ke kai, akwai illa ta zahiri. Na taɓa riƙe kwafin jadawalin tururi da aka yi wa kofi a kan kofi har 3 da 8 suka zama abu ɗaya, layin ƙarshe na kowane shafi kuma ya yanke. Jadawali dai a nemi na asali.

A Nijar nake karatu, da Faransanci. Waɗannan sun shafe ni?

Lissafi da kimiyyar duk ɗaya ne, ƙa'idojin aiki ne suka bambanta. Ɗalibin EMIG, makarantar injiniyoyin ma'adinai da masana'antu, a Yamai ko na jami'ar Maraɗi zai fi haɗuwa da BAEL 91 a kankare, da NF C 15-100 a wayarin, da babban kundin Techniques de l'Ingénieur. Faransa ma ta koma Eurocode, don haka Eurocode ce mahaɗar da injiniyan Maraɗi da na Katsina za su fahimci lissafin juna. Gargaɗin gauraya ƙa'idoji da na zafi duk sun hau kanka.

Manhajar kwamfuta tana yin lissafin duka. Littafi bai zama tsohon yayi ba?

Manhaja tana lissafa abin da ka ba ta ne, kuma za ta fitar da zane mai kyau ko da adadin da ka shigar shirme ne. Littafi ne ke sa ka kalli sakamakon ka ce wannan ginshiƙi ya yi siriri. Ko PDF ne a waya ba laifi, muddin ka san sunan littafin da bugunsa, ba hoton shafi guda da aka turo a WhatsApp ba kai ba gindi.

Na gama karatu. Me zan ajiye, me zan bayar?

Ajiye littafin tushe ɗaya na fanninka, wanda ka yi wa rubutu a gefe, da kundin dubawa ɗaya, da ƙa'idar da ofishinku ke bi a bugunta na yanzu. In lokacin rajista da COREN ya zo, hukumar da aka kafa tun 1970 don tsara aikin injiniya a Najeriya, za a so ka yi bayanin ayyukan da ka yi da abin da ka dogara da shi. Sauran ka bai wa na bayanka.

Ka kuma buɗe littafin rubutu mai kauri na kanka tun ranar farko a wurin aiki. Rodi mai kaurin milimita 12 faɗin bakinsa milimita murabba'i 113, mai 16 kuma 201, mita ɗaya na mai 12 nauyinsa kilo 0.888. Ka rubuta irin waɗannan, ka ƙara da abin da babu a kowane bugu: ainihin kaurin rodin da aka kawo daga kasuwa in ka sa masa ma'auni, yashin wane rafi ne ke da laka, sakamakon gwajin kankaren kowane aiki da kwanan watansa. Kowane adadi ka sa masa sunan littafi da shafin da ka ciro shi, ko sunan wurin da ka auna shi da hannunka.